Abin Wasan da Zai Koya wa Yaro Makamashi: Amsa ga Wata Malama a Agege

Wata malama da ke koyarwa a makarantar firamare mai haɗe da Islamiyya a Agege ta aiko da tambaya. Ta ce tana so ta samar wa yara 'yan shekara bakwai zuwa goma sha ɗaya abin wasan da zai koya musu darasin makamashi, kuma ita da ƙanenta, wanda kafinta ne, sun tsayar da shawarar ƙera 'yar mota mai farantin sola a kanta, da batir a cikinta, da fitilu, har da ɗan lasifikan da zai riƙa faɗin sunayen nau'o'in makamashi idan an danna shi. Tana tambaya ko tsarin ya yi, kuma ina ake samun kayan haɗinsa a Legas.

Malama, Allah ya saka miki da alheri bisa wannan niyya. Na daɗe ina koyar da fiziks a sakandare a nan Legas, kuma yawancin ɗaliban da ke zuwa hannuna sun haddace cewa makamashi ba a ƙirƙirarsa kuma ba a hallaka shi, amma idan na tambaye su inda makamashin ƙwallon da ta gama gangara ta tsaya ya tafi, sai aji ya yi tsit. Tun daga firamare ake gyara wannan, don haka aikinki yana kan hanya. Sai dai shawarata ita ce ki ajiye motar sola tukuna, ki cire batir da lasifika gaba ɗaya, kuma zan faɗa miki dalili kafin in kawo abin da nake ganin ya fi.

Makamashi abu ne da ba a ganinsa, lissafinsa kawai ake bi. Yaro yana fahimtarsa ne idan ya ga inda ya shigo, da inda aka ajiye shi, da inda ya fita, kuma ya lura cewa abin da ya fita bai taɓa wuce abin da ya shiga ba. Batir yana rufe masa ƙofar farko, domin wani ne ya zuba makamashin a masana'anta, shi yaron bai yi gumi a kai ba, kuma batirin da ya cika da wanda ya ƙare kamarsu ɗaya a ido. Farantin sola ma haka yake: haske ya sauka a kan baƙin gilashi, mota ta motsa, abin da ya faru a tsakani kuwa ko ɗalibin jami'a sai ya yi karatu kafin ya bayyana shi. Ga kuma yanayin garinmu. Daga watan Afrilu zuwa Yuli hadari ba ya barin sararin Legas, azuzuwanmu da yawa ba sa samun rana kai tsaye, kuma ƙaramin faranti irin na kayan wasa ba ya juya taya a cikin inuwa. Abin da yaro zai ɗauka daga irin wannan mota shi ne cewa akwai wani sirri a cikin akwati, wanda wani lokaci yake aiki, wani lokaci kuma ya ƙi. Lasifika kuwa hadda zai ƙara masa, alhali hadda ce ta yi mana yawa.

Ƙa'idar da nake bi ita ce yaro ya biya kowane ɗigon makamashi da hannunsa, kuma idonsa ya iya bin sawun abin da ya biya har inda ya ƙare. Hanya mafi sauƙi ta cimma wannan ita ce ɗaga nauyi. Duk yaron da ya taɓa jan guga a rijiya, ko ya ga mai ruwa yana hawa bene da jarka a kafaɗa, ya san a jikinsa cewa ɗaga abu sama yana cin ƙarfi, kuma ƙarin nauyi ko ƙarin tsayi yana ƙara wahalar. Lissafin ma gajere ne: a ninka nauyi a kilo sau goma, sannan a ninka da tsayi a mita, abin da ya fito shi ne makamashin da aka ajiye, a ma'aunin da ake kira jul. Ainihin adadin jan ƙasa 9.8 ne, amma goma ta wadatar a firamare. Ledar fiya wata guda rabin lita ce, wato rabin kilo, saboda haka wanda ya ɗaga ta daga ƙasa zuwa tsayin mita ɗaya ya ajiye kusan jul 5. Mai ruwan da ya hau da jarka mai lita 25 zuwa hawa na biyu, tsayin kimanin mita 6, ya ajiye jul 1,500 a cikin ruwan kaɗai. Ina son ledar fiya wata a matsayin ma'auni saboda babu yaron Legas da bai san nauyinta a tafin hannunsa ba. Kada ki fara da kalmar jul. Ki ce musu ɗagawa ɗaya, ɗagawa biyu, su saba ƙirga makamashi da ɗagawa, sunan Baturen ya biyo baya.

Kafin in shiga ƙirar, akwai batun kalmomi da ya kamata ki warware wa kanki, domin a nan ne na ga malamai da yawa suna ruɗa yara ba da saninsu ba. A maganarmu ta yau da kullum kalmar ƙarfi tana ɗaukar abubuwa uku da fiziks ya raba. Akwai turawa ko ja da ake yi wa abu, wannan shi ne ƙarfi. Akwai jimillar abin da aka kashe wajen yin aikin, wannan shi ne makamashi. Akwai kuma saurin da ake kashe shi, wanda ake aunawa da wat, wato jul ɗaya a kowane sakan. Mai ruwa biyu da suka hau bene ɗaya da jarka iri ɗaya, ɗaya da gudu ɗaya a hankali, makamashin da suka ajiye a ruwan ɗaya ne, saurin kashewar ne ya bambanta. Ita kanta kalmar makamashi asalinta abin da wuta ke kamawa ne, itace ko kara ko gawayi, shi ya sa yaro yake ɗauka cewa makamashi wani abu ne da ake ƙonawa ya ƙare. Ba na ganin a sauya kalmar, tunda ita ce a bakin gidajen rediyo da jaridu, amma abin wasan ya zama shi ne zai faɗaɗa ma'anarta, har yaro ya yarda cewa jakar yashi da ke rataye a sama ma tana da makamashi ko da ba ta cin wuta. Ni ina cewa makamashin ajiya ga wanda ke jiran a sake shi, da makamashin motsi ga wanda ke cikin abin da ke tafiya, kuma yara suna kama su da wuri.

Ga abin da nake ba da shawarar ƙanenki ya ƙera. A samu faffaɗan katako a matsayin gindi, a kafa masa sanda mai tsayin mita ɗaya da ɗan ɗori, a zana mata layuka a kowane santimita 10 da lambobi manya. A samanta a sa ɗan gare mai kwarmi a gefe inda zare ke bi, wanda makanikai ke kira fuli. Zare ya bi ta kansa, gefe ɗaya yana ɗauke da ƙugiyar rataya nauyi, ɗaya gefen kuma ya sauko ya naɗe a jikin wani gungumen katako mai kama da kwarkwaron zare, wanda ke da mariƙin juyawa. Yaro ya juya mariƙi, nauyi ya hau, ya saki, nauyi ya sauko yana juya kwarkwaron. Rijiya da guga ke nan a taƙaice. Nauyin kuwa jakunkunan yashi ne da tela zai ɗinka, masu giram 100 guda biyar da mai giram 500 guda ɗaya, kowane nauyi da launinsa.

Wannan kwarkwaro shi ne zuciyar abin, domin a jikinsa ake haɗa ƙaramin injin lantarki, wanda masu gyaran rediyo ke kira moto. Irin wannan ƙaramin moto da batir ke juyawa, idan aka juya shi da hannu yana ba da wuta, kuma wannan shi ne abin da Michael Faraday ya gano a Ingila a shekarar 1831, cewa motsin maganaɗisu kusa da naɗaɗɗiyar waya yana haifar da lantarki. Matsalar ita ce moto yana son gudu sosai, nauyi kuma muna so ya sauko a hankali, saboda haka dole a sa wani abu a tsakani da zai ninka juyin. Hanya ta farko ita ce babban gare a jikin kwarkwaro da ƙarami a jikin moto, a haɗa su da bel na roba. Ta biyu ita ce a sayi ɗan moton nan mai ruwan ɗorawa da ake sa wa motocin wasa, wanda ya zo da giyarsa, juyi ɗaya na sandarsa yana juya moton sau 48. Na fi son ta farko ko da ta fi wahalar saitawa, saboda yaro yana ganin babban gare yana tafiya a hankali ƙaramin kuma yana gudu. Moton da ke tura faifai waje a tsohuwar na'urar DVD ya dace ƙwarai, domin yana kunna jan ƙwan LED, wato ɗan ƙwan fitila na zamani mara zaren waya a ciki, ba tare da an juya shi da gudu mai yawa ba. Ki zaɓi ja, saboda yana kamawa a kusan bolt 2 (bolt shi ne ma'aunin turawar lantarki), fari da shuɗi kuwa sai an kai kusan 3. Idan ƙwan bai kama ba a juya ƙafafunsa, domin ta hanya ɗaya kawai yake karɓar wuta.

Yanzu ga wurin da nake so ki fi ba wa lokaci, domin saboda shi ne nake ganin duk wahalar ta cancanta. A sa makunni tsakanin moto da fitila, a kuma tanadi fitila iri biyu: LED, da tsohon ƙwan tocila mai zaren waya a ciki. A rataya jakar giram 500, a kashe makunni, a saki, yara su ƙirga sakan nawa ta yi kafin ta taɓa ƙasa. Sannan a haɗa ƙwan tocila, a sake sakinta daga tsayi ɗaya. Jakar za ta sauko a hankali fiye da da. Babu wanda ya taɓa zaren, babu birki, amma wani abu yana riƙe ta. Idan aka cire ƙwan aka haɗa bakin wayoyin biyu da juna kai tsaye, sai ta ƙara rage gudu kamar mai tafiya a cikin laka. Na taɓa gwada wannan da yaran maƙwabtana a tsakar gida, wata yarinya 'yar kimanin shekara takwas ta durƙusa tana leƙen fuli don ta ga abin da ya maƙale, da ba ta ga komai ba sai ta karɓi wayoyin daga hannuna, tana haɗawa tana rabawa, jakar tana tafiya tana dakatawa, har sau wajen goma, sannan ta ɗago ta ce mini fitilar ce ke jan jakar baya. Maganarta daidai ce. Wutar da ke gudana a cikin moto tana haifar da jan da ke adawa da juyin da ya haifar da ita, ƙa'idar da Heinrich Lenz ya bayyana a 1834. Ki sa kowane yaro ya juya mariƙin da kansa idonsa a rufe, wani kuma yana kunna makunni yana kashewa, ya faɗi lokacin da aka kunna daga nauyin da ya ji a hannunsa. LED yana cin wuta kaɗan ƙwarai, da ƙyar hannu yake jin bambancinsa, ƙwan tocila kuwa yana ci sosai, kuma wannan bambancin shi kansa darasi ne a kan dalilin da ya sa gidaje suka koma ga sababbin ƙwayaye. Daga nan ki tambaye su me ya sa janareto yake sauya murya ya yi nishi idan an jona dutsen guga ko firiza. Babu ɗan Legas da bai san wannan nishin ba, kuma ranar ce zai san cewa hannun da ke juya mariƙi da injin da ke shan fetur wahala iri ɗaya suke sha.

Wannan ƙira ba sabuwa ba ce a duniya. Agogunan bango na da nauyi ne ke tafiyar da su, kuma a 2012 wasu masu ƙira a Landan sun fito da fitila mai suna GravityLight, wadda jaka mai kimanin kilo 12 ke saukowa a hankali tana ba da ɗan haske na wajen minti 20. Madatsar Kainji da aka kammala a 1968 a kan kogin Neja ita ma haka take aiki, ruwa ne a madadin yashi, rana ce kuma take ɗaga shi sama ta hanyar girgije da ruwan sama. Tashar Egbin da ke Ikorodu tana ƙona gas ta tafasa ruwa, tururi ya juya injin. Yaron da ya riƙe mariƙin nan zai gane cewa a duka biyun akwai abin da ke juya moto, girma ne ya bambanta.

Abu na biyu da za a haɗa a cikin kayan wasan shi ne mota, tunda na san yara ba za su yafe miki ita ba, kuma mu ma da motar kara da ta langa-langa muka tashi. A yi mata ɗan turke mai tsayin santimita 30 da fuli a samansa, jakar giram 200 ta rataya, zaren ya naɗe a sandar tayoyin baya. Makamashin da ke ciki jul 0.6 ne. Tsofaffin faya-fayan CD suna yin taya mai kyau, faɗinsu santimita 12, kowane juyi yana cin kusan santimita 38 na ƙasa, sai dai a sa musu yankakken balam-balam a baki don kada su yi santsi. Idan kaurin sandar milimita 6 ne, zaren zai warware a juyi kusan 16, motar ta yi tafiyar wajen mita 6 a hankali. Idan aka sa wa sandar hannun riga na katako kaurinta ya zama milimita 12, juyin zai koma 8, motar ta tashi da hanzari, zaren ya ƙare a mita 3, sannan ta ci gaba da gangarawa da abin da ta tara, muddin ba a ɗaure zaren tamau a jikin sandar ba. Yara za su yi musu a kan wacce ta fi ƙarfi, kuma musun nan shi ake nema. Jaka ɗaya ce, tsayi ɗaya ne, saboda haka kuɗin da aka ba motocin biyu ɗaya ne, salon kashewar ne ya bambanta. Su gwada a kan tayil, sannan a kan siminti, sannan a kan tabarma, inda mai siririyar sanda za ta iya ƙin tashi ma gaba ɗaya. Ba sai an nemi tef ɗin awo ba, ƙirga tayil ko taƙi ya isa.

Idan akwai sauran katako a yi magangara mai kwarmi da ƙwallo, a ajiye kofin roba a kwance a ƙarshenta domin ƙwallon ta shiga ta tura shi. Ninka tsayin da aka sako ƙwallon yana kusan ninka nisan da kofin zai tafi, amma ba ya ninka gudunta, sai an ninka tsayin sau huɗu gudun yake ninkuwa sau biyu. Wannan na manyan ajin ne, kuma shi ne dalilin da ya sa motar da ke gudun kilomita 100 a awa take ɗauke da makamashi ninki huɗu na mai gudun 50.

Tambayar da za ta fi ba ki wahala ita ce inda makamashin yake tafiya bayan mota ta tsaya ko fitila ta mutu. Amsar ita ce ya koma zafi, ta hanyar gugar taya da ƙasa, da gugar sanda da mazauninta, da ɗumin waya, ɗan kaɗan kuma ya tafi a ƙara. Misalin da na ga yana shiga kan yaranmu shi ne na 'yan canji, tunda da yawansu iyayensu ko kawunnansu suna wannan sana'a. Wanda ya canza Naira zuwa Dala, ya canza Dalar zuwa Sefa, ya dawo da ita Naira, zai tarar kuɗinsa sun ragu, amma ko kwabo bai ɓace daga duniya ba, yana aljihun waɗanda suka yi masa canjin. Haka makamashi yake barin la'ada a kowace sauyawa, kuma mai karɓar la'adar shi ne zafi. Sai dai ki sani cewa abin wasan ba zai iya nuna wannan zafin a fili ba, domin jul 5 ba ya ɗaga zafin giram ɗaya na ruwa sama da digiri ɗaya da 'yan kai. Ruwa yana buƙatar kusan jul 4.2 ga kowane giram a kowane digiri, adadin da James Joule ya auna a shekarun 1840 da na'ura mai kama da tamu, nauyi yana saukowa yana juya filafilai a cikin tukunyar ruwa. Don haka ki nuna musu zafin ta wata hanya: su murza tafin hannu, ko su lanƙwasa siririyar waya gaba da baya sau ashirin sannan su taɓa wurin lanƙwasar. Sannan ki yi musu lissafin mai shayi. Tafasa kofi ɗaya mai mililita 250 daga digiri 25 zuwa 100 yana cin kusan jul 79,000, wato ɗaga ledar fiya wata zuwa mita ɗaya kimanin sau 16,000. Yunit ɗaya na mitar wutar gida jul miliyan 3.6 ne, ɗagawa 720,000 ke nan. Yaron da hannunsa ya gaji a ɗagawa ta ashirin zai ji girman waɗannan lambobi fiye da yadda allo zai nuna masa.

Batun tsaro ba abin sassauci ba ne. Ko da an rubuta shekara bakwai a jikin kwali, a gidajenmu na haya inda iyali ke zaune a ɗaki ɗaya ko biyu, abin wasan babba yana ƙarewa ne a hannun ƙaninsa mai rarrafe, saboda haka ki yi ƙirar da wannan jaririn a zuciyarki. Ma'aunin ƙasa da ƙasa na kayan wasa, ISO 8124, yana ɗaukar duk abin da ya shige cikin bututu mai faɗin milimita 31.7 a matsayin abin da zai iya shaƙe yaron da bai kai shekara uku ba, ƙwallo kuma sai ta wuce milimita 44.5. Wannan ya fitar da ƙananan ƙwallayen gilashi daga lissafi, a yi amfani da ƙwallon tanis ko ta katako mai santimita 5. Kada a sa ƙaramin batir mai kama da maɓalli, domin idan ya maƙale a maƙogwaron yaro yana iya ƙona shi cikin awa biyu. Kada a sa ƙananan maganaɗisu masu ƙarfi a sake, domin guda biyu da aka haɗiye suna iya manne wa juna ta bangon hanji su huda shi. Kada a yi nauyi da dalma, kuma kada a shafa fentin da ba a tabbatar babu dalma a cikinsa ba. Abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda gubar dalma daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a gidaje ta kashe yara sama da 400, ya isa ya nuna mana yadda jikin yaro ba ya jure wannan ƙarfe. Katako mara fenti da aka goge da sanfefa ya fi mini kwanciyar hankali, launi ya tsaya a jikin jakunkuna. Yashi a cikin ƙyalle ba ya fasa yatsan ƙafa idan ya faɗo, shi ya sa na zaɓe shi. A rufe bel da garen moto da farar roba mai nuna ciki don kada yatsa ko gefen hijabi ya shiga, zaren kuma ya zauna a naɗe a jikin kwarkwaro idan an gama. In har za ku kai ga sayarwa, Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Najeriya, SON, tana da tsarin MANCAP na tantance kayan da aka ƙera a cikin gida, kuma gara a tuntuɓe ta tun samfurin farko.

Game da kaya, moto da LED da makunni da waya ana samunsu a kasuwar Alaba da ke Ojo ko a Arena ta Oshodi, tsofaffin na'urorin DVD da faya-fayan CD kuwa 'yan jari-bola na unguwarku za su tara miki su da araha. Katako ƙanenki ya fi ni sanin hanyarsa, amma ina gargaɗinsa da irin wanda aka matse daga garin katako. Na farkon da na yi da shi ne, damina ɗaya ya yi a ɗakin ajiya ya kumbura, ramukan suka matse sanduna har kwarkwaro ya daina juyawa. Filawud mai kyau ko busasshen katako ya fi jure laimar Legas. A busar da yashi sosai a ɗaure shi a leda kafin a sa a ƙyalle, in ba haka ba zai sha danshi nauyinsa ya sauya. Robar ɗaure kuɗi tana narkewa ta tsinke cikin 'yan watanni a zafinmu, bel ɗin da aka yanka daga tsohon tib ɗin keke ya fi ta daɗewa. A haɗa komai da noti a maimakon gam, domin abin da ya lalace a iya sauya shi a makaranta. Rubutu kuma a rage shi, tunda yaranmu Hausa suke yi a gida, Yarabanci a layi, Turanci a aji, lamba da hoto da launi kowa yana karanta su.

Ku fara da guda ɗaya tak, ki kai shi aji, ki ba yara huɗu, ki koma gefe ki yi shiru na minti goma kina kallon abin da hannayensu ke yi. Inda suka tsaya suna jiran ki yi bayani, ƙirar ce ke da gyara a wurin. Idan lokacin tambaya ya yi, ki riƙa sa su faɗi abin da suke zaton zai faru kafin a saki jaka, a rubuta a allo, sannan a gwada, kuma abu ɗaya kawai za a sauya a kowane gwaji, ko nauyi, ko tsayi, ko fitila.

Ba za a daɗe ba wani yaro mai kaifin basira zai kawo shawarar a yi amfani da wutar da moto ya bayar a sake ɗaga jakar, domin abin ya riƙa tafiya da kansa har abada. Wataƙila ya ga bidiyon janareto mara mai ko fankar maganaɗisu a wayar yayansa. Kada ki ce masa ba zai yiwu ba. Ki tanadi moto na biyu da ƙaramin kwarkwaro a jikinsa, a jona shi da na farko, jakar giram 500 tana saukowa a wannan gefe, a ga nawa wancan gefen zai iya ɗagawa. A nawa gwajin ko jakar giram 100 ba ta kai saman sanda ba kafin babbar ta taɓa ƙasa. Su auna tsayin da ƙaramar ta kai, su lissafa abin da aka biya da abin da aka karɓa, sannan ki bar su su nemo sauran, su sa ɗigon mai a fuli, su sassauta bel, su gajarta waya, su sake aunawa su rubuta sabon tsayin kusa da na farko.